Hermann Munk (1839–1912), Malamin da Ya Nuna Gani a Ƙeya Ya Ke

A filinmu na yau za mu kawo muku tarihin wani malami na ƙasar Jamus, Hermann Munk. Sunan baƙo ne a kunnen mafi yawanmu, amma abin da mai sunan ya gano ya shafi makiyayi da bisashensa, ya kuma shafi uwa da ɗanta.

Makanta dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mun san yanar ido ta tsofaffi, mun san amosanin ido, mun san dundumi. Mun kuma san makantar nan da ƙananan ƙudaje na bakin gulbi suka daɗe suna kawowa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Janairu na 2025 cewa Nijar ta rabu da ita, ita ce kuwa ƙasa ta farko a Afirka da ta sami wannan shaida. Duk waɗannan cututtuka a cikin ido su ke. To, amma akwai wata makantar mai ruɗa mutane. A duba ido a tarar da shi garau, ba yana, ba kwantsa, ba rauni, amma mai shi ba ya gani. Wani kuma yana gani, sai dai bai san abin da ya ke gani ba. Munk ne ya kama bakin zaren wannan al'amari, kuma a jikin karnuka da birai ya kama shi.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi ran 3 ga watan Fabrairu na 1839 a garin Pozen, wanda a zamanin nan ya ke ƙarƙashin mulkin Purusiya. Yau garin yana cikin ƙasar Polan, ana ce da shi Poznan. Iyayensa Yahudawa ne. Ya yi karatun likita a jami'o'in Barlin da Gotingen, ya kuma yi sa'ar malamai, domin ya zauna gaban Johannes Müller da Rudolf Virchow da Emil du Bois-Reymond, waɗanda su ne manyan masana aikin jiki na Jamus a lokacin. Ya sami takardar shaidar likita a 1859 yana da shekara 20. A 1862 aka ba shi izinin koyarwa a jami'ar Barlin, a 1869 kuma aka naɗa shi farfesa mai ƙaramin matsayi.

Shekarunsa na fari ya ɓatar da su wajen auna ɗan ƙarfin lantarkin da ke gudana cikin jijiyoyi, har ma da na ganyen wani tsiro na Amurka mai kama ƙuda. Aiki ne mai kyau, amma da a nan ya tsaya, da yau ba mai tuna shi. A 1876 aka ba shi shugabancin ɗakin binciken aikin jiki a makarantar likitan dabbobi ta Barlin, wadda aka kafa tun 1790 saboda dawakin soja da annobar shanu. A idon manyan jami'a wannan ba babban muƙami ba ne. Amma wuri ne da dabbobi su ne aikinsa, akwai inda za a ajiye su, akwai masu kula da su. Abin da Munk ke bukata ke nan.

Kafin mu shiga aikinsa, ya kamata mu san inda sani ya tsaya a lokacin. Tun wajen shekara 1000 da suka wuce, Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cewa haske ne ke shiga ido daga abin da a ke kallo, kuma gani ba ya cika sai saƙo ya isa ƙwaƙwalwa. To, wane gefen ƙwaƙwalwa? Nan fa aka daɗe ana lalube. A 1824 wani Bafaranshe, Pierre Flourens, ya yi ta yankar ƙwaƙwalwar tantabaru da kaji, ya yanke hukunci cewa saman ƙwaƙwalwa duk abu ɗaya ne, ba wani yanki mai aikin kansa. Maganarsa ta zauna daram kusan shekara 50. Wani ɗan Italiya, Bartolomeo Panizza, ya faɗa a 1855 cewa gani a bayan ƙwaƙwalwa ya ke, amma ba wanda ya kula da shi. Sai a 1870, a nan Barlin, Gustav Fritsch da Eduard Hitzig suka taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kare da ɗan lantarki, sai ƙafar ɗaya gefen ta motsa. Ashe dai akwai rabon aiki. Daga nan kowa ya tashi neman mazaunin ji da na gani da na shaƙa.

Abin da su ke bincike kuwa shi ne ɓawon ƙwaƙwalwa, watau wata shimfiɗa mai ruwan toka, mai lanƙwashe-lanƙwashe, wadda ta lulluɓe ƙwaƙwalwa kamar yadda ɓawo ke lulluɓe itace. Kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba.

Karen da ya manta bulala

A 1877 Munk ya fara karanta sakamakon aikinsa gaban ƙungiyar masana aikin jiki ta Barlin. Ga abin da ya yi. Ya kan sa wa kare maganin barci, ya buɗe ƙoƙon kai ta wajen ƙeya, ya cire ɗan guntun ɓawo wanda faɗinsa bai kai santimita 2 ba, a dama da hagu, sa'an nan ya ɗinke. Sai ya jira rauni ya lafa, ya zuba ido.

Da farko ka ce ba abin da ya sami karen. Yana ji, yana shaƙa, yana ɗanɗano, yana tafiya daidai. Yana yawo cikin ɗaki da cikin lambu bai yi karo da kome ba. In aka gitta masa wani abu, sai ya kauce, ko ya tsallake, ko ya bi ta ƙarƙashi. Wannan ba makaho ba ne. Amma mutumin da a da in ya hango shi ya ke tsalle yana kaɗa wutsiya, yanzu sai ya dube shi kamar ya dubi bango. Karnukan da ya saba wasa da su, ko a jikinsa. Yana jin yunwa da ƙishirwa, amma ya wuce ta gaban akushin abincinsa da bokitin ruwa bai tsaya ba, in dai ba hancinsa ne ya gaya masa ba. A kusanto da wuta ga idonsa, ba ya ƙiftawa. Bulalar da a da ganinta kaɗai ke kora shi lungu, yanzu a ɗaga ta a gabansa ba ya ko motsi, sai in ya ji ƙararta. Akwai wanda aka koya wa miƙa ƙafa in an yi masa alama da hannu: a yi ta alama, shiru, amma da an faɗa masa da baki sai ya miƙo. Mu kan ce gani ya kori ji, amma ga wannan kare ji ne ya rage masa, gani ya zama hoto.

Munk ya raɗa wa wannan hali suna da Jamusanci, wanda in an juya shi kai tsaye zai ba da makantar rai. Mu a nan za mu kira shi makantar ganewa, don kada a haɗa shi da makantar zuci da malamai ke wa'azi a kanta.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne karen yana warkewa, kuma warkewar tasa irin ta mai koyo ce. A tura bakinsa cikin bokiti sau biyu sau uku, daga nan ya san bokiti da ido. A ɗana masa bulala, daga nan ya san ta. Abin da aka sake gabatar masa shi ya ke ganewa, wanda ba a gabatar masa ba yana nan baƙo. Cikin mako 4 zuwa 6 ya koma kamar sauran karnuka. Munk ya fassara wannan da cewa wurin da ya cire nan ne rumbun da kare ke tara surar abubuwan da ya taɓa gani. An kwashe rumbu, sai ya koma kamar ɗan kwikwiyon da idonsa ya buɗe jiya, ya shiga tara sabon sani a ɓawon da ya saura a kewaye.

Bai tsaya nan ba. Ya faɗaɗa yanka, ya cire dukan ɓawon ƙeya na gefe biyu. Wannan karon kare ya makance sosai, yana karo da bango, yana tafiya a hankali da hanci a ƙasa, kuma bai warke ba. Duk da haka idonsa lafiya lau, in an haska fitila baƙin tsakiyar idon yana tsukewa kamar na kowa. Wannan ya kira shi makantar ɓawo.

Sa'an nan ya koma kan birai, a nan ne kuma ya sami abin da ya fi kome daraja a aikinsa. In ya cire ɓawon ƙeya na hagu kaɗai, biri ba ya rasa ido guda. Abin da ya ke rasawa rabin duniya ne: duk abin da ke damansa ya ɓace masa, ko da wane ido ya duba. A ajiye masa abinci a dama, ba zai ɗauka ba sai ya juya kai. Dalili kuwa shi ne jijiyoyin gani biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kimanin rabin zaren kowace ya ƙetare zuwa ɗaya gefen, rabi ya tsaya a gefensa. A wajen kare da fari Munk ya zaci duka ne ke ƙetarewa, daga baya ya gyara maganarsa. Yau an san na kare kusan kashi 3 cikin 4 ne ke ƙetarewa, na tunkiya da doki kuwa, masu idanu a gefen kai, ya fi haka. Ya kuma ce kowane yanki na cikin ido yana da nasa gurbi a ɓawon ƙeya, kamar taswira. Waɗannan bayanai ya tara su a littafi a 1881, ya sake fitar da shi da ƙari a 1890.

Gardama

Munk ya sami abokan gardama biyu, kuma ba ƙanana ba. Na farko David Ferrier na Landan, wanda ya rubuta a 1876 cewa mazaunin gani a gefen kai ya ke, sama da kunne, kuma shi ya cire ƙeyar birai bai ga sun makance ba. Yaya mutum mai basira irin Ferrier ya ɓata haka? Amsa tana cikin jinya. A farkon aikinsa raunin biransa ya kan ruɓe, saboda haka kwana kaɗan ya ke duba su kafin a kashe su, lokacin da dabba ba ta ko gama farfaɗowa ba. Ban da haka, in ya yanki gefen kai, wuƙarsa ta kan katse zaren gani da ke wucewa ta ƙarƙashi zuwa ƙeya, in kuma ya yanki ƙeyar, ya kan bar saura. Shi kuwa Munk yana da tsabtar hannu da haƙurin jinya. Dabbobinsa suna rayuwa watanni, waɗansu har shekaru, yana dubansu yau da gobe. A ganinmu da wannan ya fi Ferrier, ba da kaifin hankali ba.

Na biyu Friedrich Goltz na Strasbur, wanda ya ƙi yarda da rabon aiki ɗungum. Ya kan ɓarnata babban yanki na ƙwaƙwalwar kare, ya nuna wa mutane cewa ga shi yana tafiya, yana ji, yana gani. A babban taron likitocin duniya na Landan, a watan Agusta na 1881, Goltz ya zo da karensa, Ferrier ya fito da biransa, ɗaya daga ciki gefensa guda ya shanye. Aka kashe dabbobin, aka ba wani kwamiti ƙwaƙwalensu, aka tarar ɓawon da ya saura a kan karen Goltz ya fi yadda ya faɗa. Ferrier ya ci gardama. Ka ga ikon Allah: abokin hamayyar Munk shi ya kafa masa tushen maganarsa, cewa kowane yanki da aikinsa.

Sai dai a faɗi gaskiya, Munk ba shi da daɗin gardama. Harshensa kaifi gare shi, ya kan yi watsi da aikin wani gaba ɗaya a gaban jama'a, kuma ya kan yi magana kamar ba sauran abin da za a ƙara. Wannan ya sa waɗansu suka daɗe ba su karɓi abin da ya ke da gaskiya a kai ba. A 1888 Edward Schäfer da Sanger Brown suka sake gwajin a kan birai a Landan, a garin Ferrier, suka tarar a ƙeya gani ya ke. Wani likitan Suwidin, Salomon Henschen, ya bi ƙwaƙwalen mutanen da suka mutu da makantar rabi, ya tarar da raunin a ƙeya shi ma.

Mai karatu zai ce, ina tausayin dabba? Tambayar tana bisa hanya, kuma tun a lokacin an yi ta. Ingila ta kafa dokar kare dabbobin gwaji a 1876, har aka kai Ferrier gaban alƙali a watan Nuwamba na 1881 saboda biran nan, ko da ya ke an sallame shi, don wanda ya yi yankan yana da takardar izini. Karnukan Munk sun sha wuya, ba mai musun wannan. Yau ƙasashe da yawa sun ɗaure irin wannan aiki da sharuɗɗa masu tsanani.

Ba a daɗe ba likitoci suka fara gane karen Munk a cikin marasa lafiyarsu. A 1890 Heinrich Lissauer na Breslau ya ba da labarin wani tsoho mai shekara 80 wanda ke ganin abu, har ya zana shi a takarda, amma ba ya sanin ko mene ne sai ya taɓa shi ko ya ji ƙararsa. Sunan da Munk ya raɗa shi Lissauer ya ɗauka. Shekara guda bayan haka Sigmund Freud ya kawo kalmar agnoziya, wadda likitoci ke amfani da ita har yanzu.

An zaɓi Munk cikin majalisar masana ta Purusiya a 1880. Amma a zamanin nan da wuya Bayahude ya sami cikakkiyar kujerar farfesa a jami'ar Jamus, shi ma ta girmamawa aka ba shi a Barlin a 1897. Ƙanensa Immanuel, wanda shi ma masanin aikin jiki ne, ya riga shi rasuwa a 1903. Munk ya ci gaba da bincike a kan ji da taɓawa da motsi, ya tara rubuce-rubucensa na baya a 1909. Ya rasu a Barlin ran 1 ga watan Oktoba na 1912, yana da shekara 73.

Abin da aka gyara bayansa

Taswirar da ya yi magana a kai ta tabbata, yaƙi ne kuwa ya tabbatar da ita. Wani likitan Japan, Tatsuji Inouye, a 1909, da Gordon Holmes na rundunar Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, sun auna ganin sojojin da harsashi ya ratsa ƙeyarsu, suka ga kowane rauni da gurbin da ya ke ɗaukewa a gani.

Batun rumbu kuwa bai tsaya ba. Masu bincike na baya sun fi ganin cewa wurin da Munk ya cire shi ne mai karɓar saƙon tsakiyar ido, inda gani ya fi kaifi, saboda haka karen da gefen ido kawai ya ke gani. Gane abu kuma, a wajen biri da mutum, ya fi dogara ga ɓawon da ke can ƙasa ta wajen kunne, kamar yadda Heinrich Klüver da Paul Bucy suka fara nunawa a Shikago a 1937. Watau Munk ya yi daidai da ya raba gani da ganewa, ya kuskure wurin na biyun.

Ita ma makantar ɓawo ba ta cika yadda ya zata ba. A 1934 Donald Marquis ya nuna a Amurka cewa karen da aka cire wa ɓawon gani yana iya rarrabe haske da duhu in an koya masa. A Ingila, wata birinya mai suna Helen, wadda Lawrence Weiskrantz ya cire wa ɓawon gani a 1965, ta zauna kamar makauniya, har Nicholas Humphrey ya shiga yi mata wasa yana fita da ita yawo. A hankali ta koyi kauce wa abin da ke gabanta, tana tsintar ƙananan abubuwa a ƙasa, amma ba ta san ko mene ne ta tsinta ba sai ta taɓa ko ta kai baki. Dalili shi ne akwai wata tsohuwar hanya daga ido zuwa tsakiyar ƙwaƙwalwa wadda ba ta bi ta ɓawon ƙeya. Ita ce babbar hanyar gani ga kifi da kwaɗo da tsuntsu. Shi ya sa ɓera da kyanwa ke riƙe gani mai dama bayan irin wannan rauni, biri da mutum kuwa su yi babbar hasara. A nan ma a ke gane abin da ya ɓatar da Flourens: tantabara ba ta dogara ga saman ƙwaƙwalwa kamar yadda biri ya dogara ba. A 1974 Weiskrantz da abokan aikinsa suka sami irin halin Helen ga wani mutum, wanda ke nuna inda haske ya ke daidai alhali yana cewa bai ga kome ba.

Amfaninsa a gare mu

Likitan dabbobi, ko a Yamai ko a ƙauye, in an kawo masa bisa da a ke zaton ta makance, gwaji biyu ya ke yi. Ya kai hannu wajen idonta kamar zai buge ta, ba tare da ya taɓa gashin ido ko ya kaɗa mata iska ba. Mai gani za ta ƙifta. Sa'an nan ya haska mata tocila. In baƙin ido ya tsuke amma ba ta ƙifta wa hannu ba, to, a bar ido, ciwo yana cikin kai. Sai dai a kula, ɗan da aka haifa kwanan nan bai koyi ƙiftawar ba tukuna.

Makiyaya sun san tunkiyar nan ko akuyar da ke ware kanta daga garke, tana kewaya wuri guda, tana karo da abu ta gefe ɗaya. Sau da yawa ƙwan wata tsila ce ta cikin hanjin kare. Kare ya yi kashi a ciyawa, tunkiya ta ci, tsutsar ta hau ƙwaƙwalwa ta yi jakar ruwa tana danne ta. Idon da ke ɗaya gefen jakar shi ke daina gani. In an yanka irin wannan bisa, kada a jefa wa kare kanta, domin ta haka cutar ke komowa garke. A ƙone shi ko a binne da zurfi. Haka kuma maraƙin da ya lashi dalmar tsohon batirin mota ya kan makance da idonsa garau.

Ga ɗan Adam kuma, zazzaɓin cizon sauro in ya hau kan yaro har ya suma, wani lokaci ya kan farfaɗo ido buɗe amma ba ya bin fuskar uwarsa da kallo. Sanƙarau ma ya kan bar irin wannan. Ɗiga magani ko tsimi a idon yaron ba ya ƙara kome, yana ma iya ɓata idon da ba shi da laifi. A mai da shi asibiti a duba shi. Da yawa daga cikin yaran da zazzaɓin sauro ya yi wa haka ganinsu ya kan komo a hankali, cikin makonni ko watanni.